Maginan Ƙarƙashin Ruwa: Rayuwa da Rabe-raben Ƙwarin Trichoptera



A shekarar 1834 wani masani Ba'amurke mai suna Isaac Lea, wanda ya shahara wajen nazarin katantanwa da dangoginta, ya bayyana wa duniyar ilmi wata 'yar ƙaramar katantanwa da aka samo daga wani kogi a Amurka. Girmanta bai kai na ƙwayar wake ba. Ya lura jikinta duk ƙwayoyin yashi ne a jere, don haka ya raɗa mata suna Valvata arenifera, watau mai ɗauke da yashi, ya kuma sanya ta cikin jerin dodon-koɗi. Sai daga baya aka gane ashe ba katantanwa ba ce ko kaɗan. Ɗaki ne wanda wata tsutsa ta gina wa kanta, ta ɗauki yashi ƙwaya ɗaya bayan ɗaya tana liƙawa da zaren bakinta, tana murɗa ginin har ya fito da siffar katantanwa sak. Idan gini ya kai ga ruɗar gwani a fagen da ya ƙware, to, lalle maginin ya cancanci a tsaya a dube shi.

Wannan tsutsa ɗiya ce ga wani rukunin ƙwari da masana ke kira Trichoptera, Turawan Ingila kuwa suna ce musu kadis. A cikin wannan lacca za a kira su maginan ruwa, ɗakin da suke yawo da shi kuma za a kira shi kube, domin ya yi kama da kuben wuƙa a siffa da kuma aiki. Jerin da John Morse da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna an san nau'i fiye da 16,000 na waɗannan ƙwari masu rai, cikin dangi kimanin hamsin. Ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika.

Siffarsu da matakan rayuwarsu

Baligin ƙwaron ba abin kallo ba ne. Wanda ya gan shi a jikin fitila da dare kusa da kogi zai ɗauka faɗa-wuta ne: launinsa ƙasa-ƙasa ko toka-toka, yana da dogayen zaruruwa biyu a ka, in ya sauka kuma sai ya kifa fikafikansa a bayansa kamar rufin ɗakin kwano. Amma akwai bambanci biyu. Wanda ya kama faɗa-wuta ko malam-buɗe-littafi zai ga wani gari ya maƙale masa a yatsu, wannan garin kuwa ƙananan ɓawo ne da suka rufe fikafikan. Maginin ruwa gashi ke gare shi a wurin. Daga nan sunan ya samo asali, domin a harshen Girka trichos gashi ne, pteron kuwa fiffike. Na biyu, malam-buɗe-littafi yana da dogon baki mai naɗewa kamar gammo wanda yake zuƙar ruwan fure da shi, alhali bakin maginin ruwa gajere ne, lasa kawai yake yi. Duk da haka rukunan biyu 'yan'uwa ne na jini, babu wanda ya fi kusa da ɗaya kamar ɗayan, kuma wannan na cikin zumuncin ƙwari da masana suka fi tabbatarwa.

Shaidar zumuncin nan tana bakin tsutsotsinsu. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi a ƙasar Hausa daga bakin tsutsar wani faɗa-wuta yake fitowa, daga wasu jakunkuna biyu da asalinsu na miyau ne. Daga irin waɗannan jakunkuna ne tsutsar maginin ruwa take fitar da nata zaren. Abin da ya bambanta shi ne nata yana kamawa a cikin ruwa, ya liƙe wa jiƙaƙƙen dutse, abin da yawancin gam ɗin da ɗan Adam ya ƙirƙira ba ya iyawa. A 2010 Russell Stewart da abokin aikinsa a Jami'ar Utah ta Amurka suka nuna cewa sinadarin zaren cike yake da fosfet, wanda ke haɗuwa da kalsiyam ya ƙulle zaren ya ba shi ƙarfi. Wannan ya sa masu neman gam da zai iya liƙe rauni a cikin jiki, inda ko'ina jiƙe yake, suka mai da hankali gare shi.

Macen takan saka ƙwanta cikin wani dunƙulen yauƙi, ko a jikin dutse a cikin ruwa, ko a kan ganyen da ya sunkuyo bisa ruwan. A wasu dangogin ita da kanta take nutsawa ta je ta liƙa su. Tsutsar da ta fito takan bi matakai biyar na girma, tana saɓa fata tsakanin kowane mataki da na gabansa. Kanta da ƙirjinta suna da tauri, da ƙafafu shida, amma cikinta taushi gare shi kamar tsokar kifi, a ƙarshensa kuma akwai ƙugiyoyi biyu. Da waɗannan ƙugiyoyi take riƙe kuben daga ciki, har mai jan ta da ƙarfi ya fi kusa da tsinka ta bisa ga fitar da ita.

Idan ta gama girma sai ta ɗaure kuben a jikin dutse, ta toshe bakinsa da gindinsa da wata saƙa mai ƙananan huji kamar rariya, don ruwa ya riƙa wucewa, sa'an nan ta shiga kwanci. Bayan mako biyu ko uku, abin da ke ciki ya zama ƙwaro amma yana sanye da fatar kwanci. Yana da muƙamuƙai masu kaifi waɗanda babban aikinsu shi ne yanke ƙofar nan. Ya fito, ya yi iyo zuwa saman ruwa da ƙafafunsa na tsakiya masu gashi kamar filafili, ya tuɓe fatar, ya tashi. A ƙasashen sanyi yawanci zagayen nan shekara guda yake ɗauka, kuma mafi yawanta a matakin tsutsa. A ƙasashe masu zafi akan sami zuriya fiye da ɗaya a shekara.

Amfanin kube

Amsar da ta fara zuwa a rai ita ce kariya, kuma gaskiya ce. Tsutsa mai taushin ciki a rafi abinci ce ga kifi da tsuntsu da 'ya'yan mazari. Kube yana ɓoye ta, yana kuma sa ta zama da wuyar haɗiya. Jinsin Anabolia na Turai yakan liƙa dogayen tsinke a gefen kubensa, sun fi shi kansa tsawo, abin da ke wahalar da ƙaramin kifi. Amma kariyar ba cikakkiya ba ce. Manyan kifaye sukan haɗiye tsutsar har da ɗakinta. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar rina a Turai, Agriotypus armatus, wadda ke rarrafawa ta nutse cikin ruwa ta saka ƙwanta a cikin kuben dangin Goeridae, ɗanta ya cinye mai ɗakin, ya gaje ɗakin.

Amsa ta biyu ta fi zurfi. Tsutsar tana shaƙar iskar oksijin daga ruwa ta fatarta da wasu fararen zaruruwa da ke jikin cikinta. A gaɓar farko ta cikin akwai tozo har uku, ɗaya a sama biyu a gefe, waɗanda ke tokare bangon kuben su tsayar da ita a tsakiya, ya zama akwai rata ta kowane gefe. Sai ta riƙa kaɗa cikinta sama da ƙasa, ruwa ya shigo ta baki, ya bi ta kan zaruruwan, ya fita ta hujin baya. Ke nan kuben zugazugi ne. Glenn Wiggins, masanin gidan tarihi na Ontario a Kanada, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa ra'ayin cewa wannan dabara ce ta ba maginan ruwa damar barin rafuka masu sanyi da gudu, inda iskar take da yawa, su shiga tafkuna da fadamu da ruwa mai ɗumi. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna wasu dangogin lalle sun fi samun iska a cikin kube bisa ga in an fitar da su, wasu kuwa babu wani bambanci. Saboda haka ra'ayin yana da ƙarfi, amma bai game kowa ba.

Yadda aka rarraba su

Kafin a shiga wannan, ya kamata a tuna matakan da masana ke jera halittu a kai: rukuni ya ƙunshi dangogi, dangi ya ƙunshi jinsuna, jinsi ya ƙunshi nau'o'i.

A 1758 Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tara duk waɗanda ya sani cikin jinsi guda, ya kira shi Phryganea, daga kalmar Girka mai nufin damin ƙirare, don siffar kuben. Ya haɗa su rukuni ɗaya da mazari da wasu ƙwari masu fikafikai kamar raga. William Kirby, wani limamin coci a Ingila, shi ne ya ware su a 1813 ya ba su rukuninsu da sunan da ake amfani da shi har yau. A 1924 Andrei Martynov na Rasha ya raba rukunin gida biyu, kuma abin da ya dogara a kai ba kube ba ne, wasu 'yan gaɓoɓi ne da ke gefen bakin baligin ƙwaron. A wasu, gaɓar ƙarshe doguwa ce mai zobe-zobe, tana lanƙwasa kamar bulala. Waɗannan su ne Annulipalpia. A wasu kuwa gaɓar guda ce santala. Su ne Integripalpia.

Abin sha'awa shi ne wannan rabo da aka yi da bakin uwa ya zo daidai da sana'ar ɗiya. Tsutsotsin Annulipalpia ba sa yawo da ɗaki. Sukan saƙa mafaka a jikin dutse su zauna, da yawansu kuma su kafa koma a bakin ƙofa, ruwa ya kawo musu abinci, kamar yadda dangin Hydropsychidae ke yi. Masunta ne. Integripalpia kuwa su ne masu kube na sosai, masu ɗaukar gida a baya.

Matsalar tana ga wasu dangogi huɗu da suka ƙi shiga ko'ina sosai. Rhyacophilidae da Hydrobiosidae mafarauta ne masu yawo tsirara, ba sa gini sai lokacin kwanci. Glossosomatidae sukan yi ɗakin tsakuwa mai kama da ƙoƙon kunkuru, kai ta wata ƙofa, gindi ta wata, kuma da yake ɗakin ba ya ƙaruwa, duk sa'ad da tsutsar ta saɓa sai ta yar da shi ta gina sabo. Hydroptilidae kuwa, waɗanda baligansu ba su cika wuce milimita biyar ba, sukan yi matakai huɗu na farko ba ɗaki, sai a na biyar su saƙa wata 'yar jaka kamar gafaka, su shiga su yi ta ci har cikinsu ya kumbura. A 1984 John Weaver ya tara waɗannan huɗu ya kira su Spicipalpia, aka yi shekaru ana koyar da reshe uku. Da aka shiga kwatanta ƙwayoyin gado na DNA sai ta bayyana cewa huɗun nan ba 'ya'yan kaka ɗaya ba ne su kaɗai, kuma manyan binciken da aka wallafa daga 2020 sun sanya su a gindin reshen Integripalpia. Aka koma kan biyun Martynov, sai dai an faɗaɗa ɗaya. Ma'anar wannan ita ce ginin kube mai bututu ya tsiro ne daga cikin zuriyar da ta riga ta saba rufe kanta lokacin kwanci.

Ire-iren gini

A nan ne ɗalibi yake samun abin kallo. Mai kube na sosai yakan fara da bututun zare, ya riƙa ƙara kayan gini a bakin gaba yayin da yake girma, yana datse na baya da ya yi masa kaɗan. Yakan ɗauki ƙwayar yashi da ƙafafun gaba, ya jujjuya ta, ya gwada ta a gurbi, in ba ta zauna ba ya yar ya ɗauki wata, kamar mai jera tubali. Jinsin Brachycentrus yakan yanka 'yan tsinke daidai wa daida ya jera su a gicciye, kuben ya fito da kusurwa huɗu. Phryganea yana yanka ganye ƙyalle-ƙyalle ya naɗa su a murɗe kamar rawani. Triaenodes ma haka yake yi, amma nasa marar nauyi ne har yana iyo da shi. Goera yakan liƙa manyan tsakuwoyi a gefe biyu. Molanna yana yi wa bututunsa fiffike da rumfa ta yashi, wanda ya dube shi daga sama ba zai ga kome ba sai yashi yana motsi. Anisocentropus, wanda ake samu har a Afirka, ganye biyu kawai yake yankawa ya kwanta tsakaninsu. Triplectides ba ya ma wahalar da kansa, sai ya sami guntun ice ya rarake cikinsa. Wasu nau'o'in Limnephilus kuwa sukan yi gini da ƙananan katantanwa, wani lokaci ma da masu su a ciki da rai. Sai kuma Helicopsyche, wanda ya ruɗi Isaac Lea.

To, shin za a iya gane ƙwaro da kubensa kaɗai? Sau da yawa siffar ginin takan kai mutum ga dangi, wani lokaci har ga jinsi, domin tsarin gadonsa ake yi, ba koyo ba. Amma kayan ginin abin da aka samu ne. Nau'i guda zai iya fara da yashi ya ƙare da ganye, dangogi biyu da ba su da kusanci kuma su yi gini iri ɗaya, kamar yadda Phryganea da Triaenodes suka yi tarayya a naɗin rawani. Wani mai fasaha Bafaranshe, Hubert Duprat, ya nuna wannan a fili tun farkon shekarun 1980: ya fitar da tsutsotsi daga kubensu, ya ba su ɓarɓashin zinariya da lu'ulu'u, suka gina ɗakunansu da su ba tare da wata damuwa ba. Wani abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne rahoton da masu bincike a Holan suka bayar a 2025, cewa sun sami gutsattsarin roba a jikin wani kube da aka ajiye a gidan tarihi tun 1971.

Ba duka ne suka tsaya a ruwan daɗi ba. Tsutsar Enoicyla pusilla a Turai cikin busasshen ganyen daji take rayuwa, macen kuma ba ta iya tashi. Philanisus plebeius na gaɓar Niyu Zilan da Ostareliya a ruwan teku yake girma, macen tana saka ƙwanta cikin jikin wata dabbar teku mai siffar tauraro. Sana'ar kuma tsohuwa ce ƙwarai: a yankin Auvergne na Faransa akwai shimfiɗun dutsen farar ƙasa da tarin kube na miliyoyin shekaru suka zama ƙashin bayansu.

A Afirka, da abin da ya shafi ma'aikata

Rabon dangogin a duniya bai zo daidai ba. Limnephilidae, waɗanda suka cika littattafan Turai da Amurka, 'yan ƙasashen sanyi ne, da ƙyar ake ganinsu kudu da Sahara. A nan Leptoceridae ne suka fi yawa cikin masu kube, Hydropsychidae kuma cikin masu koma. Akwai dangogin da ba a samunsu sai a wannan yanki, kamar Pisuliidae, da kuma Barbarochthonidae na duwatsun kudancin Afirka ta Kudu. Ɗalibin da ya ɗauki littafin Ingila ya nufi rafin da ke gangarowa daga tsaunukan Jos zai sha wahala, kuma laifin ba nasa ba ne.

Wannan magana tana da nauyi ga ma'aikatan ruwa da na lafiya. Yawancin maginan ruwa ba sa jure ƙazanta da ƙarancin iska. Gwajin kwalba yana faɗin halin ruwa ne a sa'ar da aka ɗebo shi, amma tsutsar da ta yi watanni a ƙarƙashin dutse shaida ce a kan dukan watannin. In masana'anta ta saki dafi da dare ya wuce kafin safiya, kwalba ba za ta gani ba, rashin tsutsotsin kuwa zai tona. A kan haka ne aka tsara wani ma'auni a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, inda ake ba kowane dangi maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon rashin jurewarsa. Dangogi da yawa na masu kube, har da Leptoceridae, suna da 10, jajayen tsutsotsin kwata kuwa 2. Amma da Afirka ta Kudu ta tsara nata, wanda aka fitar da bugunsa na biyar a 2002 da maki har 15, Leptoceridae 6 kawai suka samu. Wanda ya ɗauko ma'aunin wata ƙasa ya ɗora wa kogin wata, yana iya wanke ruwan da bai cancanci wankewa ba.

Afirka ta Yamma ta riga ta ga amfanin wannan ilmi. Daga 1974 zuwa 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta sun gudanar da shirin yaƙi da cutar makantar kogi, mai hedkwata a Wagadugu, wanda ya fara da ƙasashe bakwai, ciki har da Nijar da Gana. Ana zuba magani daga jiragen sama mako-mako a wuraren da ruwa ke gudu kan duwatsu, don kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar. To, a kan waɗannan duwatsu ne Hydropsychidae ke kafa komarsu, har ma suna cin tsutsar ƙudan, su kuma kifi yana cin su. Ya zama dole a sa ido kada a kashe maƙiyi tare da masoyi, a bar masunta da kogi fanko. Sa idon nan bai yiwuwa sai an san wane ne wane, saboda haka aikin ya haifar da nazari mai yawa a kan waɗannan ƙwari a kogunan yankin, musamman na Kodebuwa, inda masana irin su Bernhard Statzner da François-Marie Gibon suka yi aiki.

Babban giɓin da ya rage shi ne haɗa ɗiya da uwa. Ana raɗa wa nau'i suna ne bisa siffar al'aurar namijin baligi, wanda ake kamawa a fitila, alhali abin da ma'aikacin ruwa yake tsinta a ƙarƙashin dutse tsutsa ce. Nau'o'in Afirka da yawa an san baligansu, ba a san 'ya'yansu ba. Akwai tsohuwar dabara mai sauƙi, wadda ba ta bukatar kome sai haƙuri da madubin ƙara girma da kwalbar sinadarin adanawa, da kuma takalmin roba saboda tsargiya. A nemi kuben da aka riga aka toshe, wanda mai kwancin cikinsa ya kusa fita. A cikinsa za a tarar da namijin da siffarsa ta riga ta bayyana, a gindin ɗakin kuma ga ɓawon kai da na ƙirji da tsutsar ta tuɓe. Kube guda ya ba da gini da ɗiya da uba a lokaci ɗaya. Sai dai Leptoceridae, waɗanda su ne aka fi bukatar sani a nan, sukan tura ɓawon nan waje ta hujin baya da zarar sun tuɓe. Su kam sai dai a yi kiwon tsutsar a ɗakin gwaji har ta fashe, ko kuwa a kwatanta DNA ɗinta da na baligin da aka kama a bakin kogin.